Tsintsiyar Severin

Mijina Severin Lackner ya yi shekara talatin da takwas yana tuƙa taragon titi a Vienna, ya kuma yi arba'in da ɗaya yana kaɗa babbar ganga. Tarago shi ya ciyar da mu. Ganga ba ta taɓa kawo mana ko gutsuren burodi ba, amma da za a tashe shi yau a tambaye shi sana'arsa, ganga zai ce. Shekarata tamanin da huɗu, ba ni da lokacin yi wa matacce kwalliya, don haka zan faɗe shi yadda yake. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kunnuwa kamar hannuwan tukunya, ga taurin kai.

A unguwar Ottakring aka haife shi, a nan ya mutu, kuma tsakanin gidajen biyu bai fi tafiyar minti goma ba. Ubansa mai gyaran takalma ne. Da Severin ya kama aikin tarago sai ya tarar ma'aikatan suna da ƙungiyar makaɗa tasu, direbobi da masu yankan tikiti da makanikai, kusan mutum arba'in, suna haɗuwa kowace Alhamis a ɗakin baya na wani gidan abinci. Ya aro goge ya je. Shugaban makaɗan na lokacin ya saurare shi kamar minti ɗaya, sannan ya ɗaga hannu.

"Ajiye shi kafin ka ji masa ciwo," in ji shi. "Ka iya ƙirga?"

Severin ya ce ya iya. Aka tura shi can baya wurin tsoho Wenzel, mai babbar ganga, wanda kafaɗa ta fara damunsa.

Wanda bai sani ba yana zaton aikin mai ganga duka ne. Ƙirga ne. Takardar kiɗa an raba ta gida-gida, kuma a yawancin kaɗe-kaɗenmu mai ganga zai zauna ya ƙirga gida ɗari biyu, ya tashi ya buga sau ɗaya, ya koma ya zauna. Masu goge suna ta gumi, shi yana zaune kamar mai jiran likita. Sai fa idan an zo kiɗan Turkawa. Tun lokacin da sojan Turkawa suka kewaye garin nan suka koma ba su ci shi ba, ƙarar badujalarsu ta maƙale a kunnen kakanninmu. Da tsoro ya wuce sai abin ya zama yayi, masu tsara kiɗa suka riƙa cusa babbar ganga da farantan tagulla da ɗan ƙarfen nan mai kusurwa uku cikin kiɗan goge da sarewa. A irin wannan kiɗan, 'yan layin baya su ne sarakai. Ƙungiyarsu sau ɗaya take yin sa a shekara, a wasan watan Disamba, kuma don wannan minti bakwai Severin yake haƙuri da sauran wata goma sha ɗaya.

Wenzel ya koya masa tsohuwar hanya. Hannun dama gula mai kan ulu, tana cewa dum. Hannun hagu ɗan damin tsumagu na itacen birke, yana faɗa wa ɗaya fuskar gangar, cas, cas, cas. Duk watan Fabrairu, kafin ruwa ya hau itace, Severin zai hau tarago har ƙarshen layi, ya shiga daji da wuƙa. Dami uku yake yi, kowanne tsumagiya ashirin da ɗaya, ya ɗaure da zaren ɗinkin takalma mai kakin zuma, ya rataye a bayan murhu su bushe. Ni tsintsiya nake ce musu. Shekara arba'in da takwas muna tare, bai taɓa barin kalmar ta wuce bai gyara mini ba.

Na gama sakandare ina aiki a gidan waya lokacin da muka haɗu. Kan sarki yake zuwa saye, guda ɗaya tak kullum, har na gane mutumin nan ba shi da wanda yake rubuta wa wasiƙa. Ya gayyace ni wasansu na bazara. Na zauna minti arba'in ina kallonsa yana motsa leɓe. Na zaci addu'a yake yi.

"Me kake yi a can baya?" na tambaye shi da aka tashi.

"Ƙirga."

"Don wannan ka sa na sayi sabuwar hula?"

"Ki dawo Disamba," in ji shi, "za ki ga aiki."

Na dawo, na kuma ga aiki. Ba zan ce zuciyata ta narke ba. Na dai yi lissafi cewa namijin da zai zauna minti arba'in yana jiran lokacinsa bai yi gyangyaɗi ba zai iya zaman aure. Ban yi kuskure ba.

A 1973 wani Baturke ya kama ɗakin da ke kallon namu. Sunansa Nurettin, ya zo aikin shimfiɗa titi, kuma a ƙauyensu shi ke kiɗan biki. Gidanmu irin tsohon ginin nan ne da famfo ɗaya a baranda, kowa a nan yake ɗiban ruwa, a nan suka saba. Severin ba ya iya kawo ganga gida, don haka a kan katifarmu yake gwaji kowace Lahadi da safe. Da Disamba ta zo ya kai wa Nurettin tikiti da hannunsa, yana ta hura hanci. Bayan wasa ya tare shi a bakin ƙofa.

"To, maƙwabci, yaya ka ji kiɗanku?"

Nurettin ya gyara hularsa. "Kiɗa ne mai daɗi ƙwarai," in ji shi. "Na wace ƙasa ne?"

Na yi dariya har na riƙe bango. Severin bai yi ba.

"Kada ka ji haushi," in ji Nurettin. "Ganga dai tamu ce, na gane ta. Hannunka na dama soja ne, ba ni da abin cewa. Amma na hagun nan ɗan rakiya ne kawai, duk inda yayansa ya taka nan yake takawa. A wurinmu siririn sanda shi ne mai surutu. Babban yana cewa ga ni nan, ƙaramin shi ke ba da labari."

Kwana uku Severin bai gaishe shi ba. Ran na huɗu ya ɗauki rabin kek ɗin da na gasa, bai tambaye ni ba, ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Daga nan shekara takwas, duk Lahadi maza biyu suna tsugune suna dukan katifata, ɗaya da tsumagu, ɗaya da siririn sandansa. Katifar ta lotsa a tsakiya, ni ce na kwana a ramin.

A 1981 tsohon shugaban makaɗa ya rasu, aka kawo Dakta Zeleny, malamin kiɗa a wata makaranta, ɗan shekara arba'in, mai sanƙo da ƙaramin gemu. Ba mugu ba ne. Karatu ne ya yi masa yawa. A gwajin farko na kiɗan Turkawa ya tsayar da kowa da sandarsa.

"Wa ke shara a can baya?"

"Ba shara ba ce, Herr Dakta," in ji Severin, wato Malam Dakta a harshenmu. "Tsumagu ne. Haka ake yin sa."

"Haka ake yin sa zamanin fitilar kyandir, Herr Lackner. Gula kaɗai ta isa."

Severin ya ce da hannu ɗaya ba zai kaɗa ba, shi ba gurgu ba ne. Dakta ya ce to, ya san wani makaɗi mai takardar shaida da zai karɓi gangar gobe in an ba shi. Magana ta kai gaban kwamiti. Kwamitin abokan aikin Severin ne, ba sa son wulaƙanta shi, ba sa kuma son korar Dakta da suka samu da ƙyar. Suka yanke cewa a wasan ran Lahadi, shida ga Disamba, Severin zai kaɗa da tsumagunsa. In Dakta bai gamsu ba, Severin zai miƙa ganga, a ba shi aikin jera kujeru.

Ya dawo gida ya faɗa mini a tsaye, bai ko cire hula ba. Shekara talatin yana bayan gangar nan. Na ce, "Jera kujeru ma aiki ne." Ya dube ni, na ga ba ranar wasa ba ce, na zuba masa miya.

Dakta mutum ne mai son maimaici. Kafin ƙarshen Nuwamba dami biyu sun ƙare a gwaji, sun zama guntaye. Saura ɗaya, mafi kyau, wanda Severin ya naɗe a jarida ya ajiye a saman kabad. Ran Juma'a ya sauko da shi ya rataye kusa da taga don ya sha iska. Bai gaya mini ba.

Asabar kuwa biyar ga wata ce, jajiberin Waliyyi Nikolo, ranar dodo Krampus. Ƙanena Emmerich mahauci ne, kuma duk shekara shi da abokansa suke sa fatar akuya da ƙaho da sarƙa, su bi titi suna zane ƙafafun mutane da damin birke. Da yamma ya shigo mini a guje, Severin yana wurin aiki.

"Yaya Otti, na bar tsumaguna a tarago. Dodo ba bulala ai akuya ce. Ba ki da wani abu?"

Na waiga na ga dami a rataye kusa da taga. A makon nan kowane gida a Vienna akwai irinsa a rataye, kuma ni a sanina mai kyan yana saman kabad. Na ɗauka ɗaya daga cikin tsofaffin ne. Na ciro na miƙa masa na ce ya gaishe mini da ƙafafun unguwa.

Lahadi da safe, muna shan kofi, Severin ya dubi taga. Ya tashi ya duba ƙasa. Ya duba bayan labule.

"Otti, ina tsumaguna?"

"Suna saman kabad."

"Na sauko da su shekaranjiya."

Na ajiye kofina. Ba na ƙarya, ko da ƙarya za ta fi sauƙi. Na gaya masa. Ya koma ya zauna, leɓensa suka fara motsi.

"Ka yi faɗa mana," na ce. "Ka fasa faranti."

"Ina ƙirga."

"Ka kai nawa?"

"Saba'in da huɗu. Kada ki katse ni."

Na sa takalmi na je gidan Emmerich na tashe shi daga barci. Abin da ya rage a damin tsumagiya shida ne, duk a karye, baƙi ƙirin da kunkunniya. Ya ce mini dami ne mai kyau, bai taɓa riƙe mai daɗin hannu kamarsa ba. Na ce zan isar da yabon.

Da na dawo na tarar da Nurettin a ɗakinmu, maza biyu suna tsaye a kan katifa kamar masu ta'aziyya. Sun gwada tsintsiyar ɗaki, ta yi tauri. Nurettin ya yanko rassa a tsakar gida, ɗanyu ne, dusar ƙanƙara ta jiƙa su, suna cewa lab, lab. Ya miƙa siririn sandansa, Severin ya gwada ya mayar masa.

"Wannan bakinka ne, maƙwabci, ba nawa ba. Kuma kan tsumagu aka yi gardama. In na je babu su, na sallama ke nan tun kafin a fara."

Ƙarfe goma sha ɗaya ta yi, wasa ƙarfe huɗu ne. Na sake fita. Lahadi ce, kantuna duk a rufe, sai masu kek. A kusurwar titinmu akwai shagon kek na wata mata, Frau Swoboda, kuma na tuna abin da nake wucewa kullum ban kula ba. A tagarta, tsakanin dodannin cakulan, akwai ƙaton damin birke da take fitowa da shi duk Disamba tun shekara goma. An shafe shi da ruwan zinariya, an ɗaura masa jan ƙyalle. Shekara goma a taga, na ce a raina, ai ya bushe.

"Frau Swoboda, tsumagun nan nake so."

"Na ado ne, ba na sayarwa ba." Ta leƙo ni ta saman tabarau. "Wa za ki zane da shekarunki, Frau Lackner?"

"Ni ya kamata a zane. Ciro mini."

Sai da na ba ta labarin duka, ta yi dariya ta share hawaye da gefen riga, sannan ta shiga taga da ƙafafunta masu kumburi ta ciro. Ta kuma ɗora mini kek guda, ta ce ba za ta ba da na ado kyauta a bar mata na ci ba.

Severin ya karɓi damin da yatsa biyu kamar an miƙa masa mataccen ɓera. Ya kwance jan ƙyallen, ya zaɓi ashirin da ɗaya, ya daidaita tsawonsu da wuƙa, ya ɗaure da zarensa. Ya taɓa katifa a hankali. Cas. Ya sake. Cas, cas. Ya dubi Nurettin, Nurettin ya gyaɗa kai.

"Zinariyar fa?" in ji Severin.

"Daga nesa ba wanda zai gani," na ce. A kwana biyu na yi kuskure biyu.

Zauren ya cika, kusan mutum ɗari uku, yawanci iyalan 'yan tarago. Ni da Nurettin muna layi na biyar. Kiɗan Turkawa shi ne na ƙarshe. Yakan fara a hankali, kamar sojoji suna tahowa daga bayan tudu, kuma a nan ba abin da ya faru. Sai aka zo inda sojojin suka shigo gari, mai faranti ya ware hannu, Severin ya sake wa gangar ƙarfinsa.

Ruwan zinariyar da ya shekara goma yana bushewa ya tashi. Kowane cas sai ƙura ta yi sama, fitilun dandamali suka kama ta tana ƙyalli. Ta fara sauka kan masu busa ƙaho da ke zaune gaban ganga, baƙaƙen kwat ɗinsu suka koma kamar na 'yan rawa. Ɗayansu ya yi atishawa cikin ƙahonsa, sautin da ya fito ba ya cikin takarda. Iskar da ke shigowa ta ƙofar baya ta kwashi sauran ta yi gaba da ita, ta sauke a kan sanƙon Dakta, wanda gumi ya riga ya jiƙa. Ta zauna daram.

Yara suka fara, manya suka kama. Masu goge na gaba suka ɗaga ido suka ga kan shugabansu yana walƙiya kamar kan gunki, kafaɗunsu suka fara rawa, rabi suka ɓace a takarda. Sannan ƙurar ta shiga wa Dakta ido. Ya runtse, ya kai hannu fuska, sandarsa ta tsaya cak a sama. Na san abin da ke biyo bayan wannan, na taɓa gani: kowa ya kama gabansa, kiɗa ya watse, a tsaya a sake daga farko cikin kunya.

Bai watse ba. A can baya gajeren mutumin nan yana tsaye cikin hazon zinariya, fuskarsa kamar yana tuƙa tarago ran Litinin, leɓe na motsi. Dum a dama, kuma a hagu tsumagu suna ta zuba, cas, cas-cas, cas, suna cike kowane gurbi tsakanin dum da dum, har kurma ma ya san inda ake. Masu sarewa suka kama shi, masu ƙaho suka bi, masu goge suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Da Dakta ya buɗe ido ɗaya, ya tarar da mutanensa suna tafe a jere, sai ya sa sandarsa a inda suke. Tare suka ƙare.

Mutane sun zaci shiri ne. Suka miƙe suna tafi suna neman a sake. Ba a sake ba, don zinariyar ta kusa ƙarewa, mai atishawa kuma ya fita neman ruwa.

Na zagaya baya na tarar Severin yana sa wa ganga rigarta. Dakta ya iso yana goge ido da hankici, sanƙon yana nan yadda yake, ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa.

"Herr Lackner."

"Herr Dakta."

"Gida goma sha shida ban ga komai ba. Sharar nan taka na bi."

"Sha bakwai ne," in ji Severin. "Kuma ba shara ba ce."

Dakta ya ce, "Alhamis ƙarfe bakwai. Ka zo da waɗanda ba su da kwalliya." Ya juya ya tafi. Maganar jera kujeru ba ta sake tashi ba.

A hanyar gida, cikin tarago, Severin ya jira har muka kusa sauka. Sannan ya zunguri Nurettin.

"To?"

"Har yanzu ban san na wace ƙasa ba ne," in ji Nurettin. "Amma hannun hagun nan ya buɗe baki."

Duk abin da aka faɗa masa a ranar, wannan kaɗai na ji yana maimaita wa mutane daga baya.

Kwamiti ya so a riƙa yin zinariyar duk shekara, don ba su taɓa ganin tafi irin wannan ba. Severin ya ƙi, Dakta ya goya masa baya, matan masu ƙaho da suka wanke kwat suka goya wa su biyun. Duk da haka, shekara goma sha ɗaya da ya ƙara a bayan ganga, ba Disambar da wani ba zai tsayar da shi a titi ya ce, "Bana akwai zinariya, Herr Lackner?" Shi kuwa ya ce, "Tambayi matata."

Da kansa ya ajiye gangar, yana da sittin da shida, da kafaɗa ta fara yi masa abin da ta yi wa Wenzel. Wata direbar tarago ya miƙa wa, bayan ya kai ta daji sau biyu ya nuna mata irin reshen da ake yanka. Nurettin ya koma ƙauyensu da ya yi ritaya, ya bar masa siririn sandan. Severin ya rasu a 2003, a kujerarsa, bayan abincin rana.

Bai taɓa ce mini ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Amma daga Fabrairun da ya biyo bayan wasan nan, dami huɗu yake ɗaurewa. Uku a bayan murhu, na huɗun kuma, mafi muni, ya rataye shi kusa da taga da 'yar takarda a jiki: na Otti da danginta.

Tsintsiya mai zinariyar tana nan a saman kabad. Frau Swoboda ta nemi a mayar mata, na ce ai na ci kek ɗinta, mun rabu. Da ita nake kakkaɓe yanar gizo a kusurwar rufi, don tsawonta ya yi mini daidai, kuma har yau in na gama sai na tarar da ɗan ƙyalli a kafaɗata.